WARIN BAKI: MAFARINSHI DA MAGANINSHI

A wannan karo za mu tattauna bisa wata matsala wadda kowa ya san ta, amma ba mai son ambatonta gaban jama'a, wato warin baki. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zubar mashi. To, a nan maganar ta juye, domin duk unguwa sun san bakin mutum yana wari, shi kaɗai ne bai sani ba, don hancinshi ya riga ya saba da numfashinshi. In ya shiga buro abokan aiki su ja kujera baya. A sahun salla na kusa da shi ya kau da kai. A kasuwar Tawa ran Lahadi mai saye ya taƙaita ciniki ya yi gaba. Babu mai gaya mashi dalili, saboda kunya. Har aure yakan lalace bisa wanga al'amari, a je gaban iyaye a yi ta kewaye-kewaye, a tashi ba a faɗi ainihin abin da ya raba mutane ba.

Abin da muke so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, warin baki ba gado ba ne, ba sammu ba ne, ba kuma abin ɓoyo ba ne. Alama ce jiki yake bayarwa. Ga babban mutum, yawanci alamar dauɗa ce ko ciwon dasashi, kuma maganinshi bai fi ƙarfin talaka ba. Ga ƙaramin yaro kuwa, yana iya zama sallamar farko ta wata cuta da ke kisa cikin ƴan kwanaki.

Daga ciki yake fitowa?

Mutane da yawa sun ɗauka daga tumbi warin yake tasowa. Shi ya sa za ka ga mutum yana ta shan jiƙe-jiƙe da maganin wankin ciki, yana ɓarnar kuɗi da ƙarfi, warin kuwa yana nan inda yake. Gaskiyar magana, hanyar da abinci ke bi zuwa tumbi a rufe take, ba ta buɗewa sai lokacin haɗiya ko gyatsa ko amai. Binciken likitoci ya nuna cikin mutum 100 masu warin baki, 80 zuwa 90 daga cikin bakin kanshi abin yake fitowa.

A shekarar 1683 wani mutumin birnin Delft a ƙasar Holand, Antoni van Leeuwenhoek, ya kankaro farar dauɗar da ke jikin haƙoranshi, ya aza ta ƙarƙashin gilashin ƙara girman abu wanda ya ƙera da hannunshi. Sai ya ga wasu ƙananan halittu suna motsi cikinta. Su ne ƙwayoyin da ido ba ya gani, waɗanda a yau masana sunka ƙidaya iri fiye da 700 masu iya zama cikin bakin ɗan Adam. Yawancinsu ba su cutar da kowa. Amma akwai waɗanda ba su son iska, suna ɓoyewa cikin lunguna, suna cin sauran nama da kifi da nono, da jinin dasashi, da matattun ɓawon fatar baki.

A shekarar 1971 wani masani a jami'ar birnin Bankuba ta ƙasar Kanada, Joseph Tonzetich, ya auna iskar bakin mutane da na'ura, ya tabbatar da cewa abin da waɗannan ƙwayoyi ke fitarwa iska ce mai sinadarin farar wuta. Ɗaya daga cikinta ita ce dai iskar da ke fita in ɓaragurbi ya fashe. Ashe ke nan warin baki ruɓa ce, irin wadda ke faruwa a duk inda anka bar sauran abinci cikin ɗumi da laima.

Maɓoya huɗu cikin baki

Ta farko, kuma mafi girma, ita ce bayan halshe. In mutum ya fito da halshenshi gaban madubi zai ga can ciki wajen maƙogwaro ba sumul yake ba, yana da ƴan ramuka da tsage-tsage. Nan wata dauɗa fara ko rawaya take kwantawa, majinar da ke gangarowa daga hanci kuma ta ƙara mata. Mutum yana iya goge haƙoranshi su yi fari tas, amma in bai taɓa halshe ba, ya share tsakar gida ne ya bar juji bayan ɗaki.

Ta biyu ita ce dasashi. Kowace rana wata dauɗa mai yauƙi tana taruwa a gindin haƙora. In ba a cire ta ba, cikin ƴan kwanaki sai ta fara daskarewa, ta zama kamar dutse, har buroshi da asuwaki su kasa ɓamɓare ta. Daga nan dasashi ya kumbura, ya riƙa jini, ya saki haƙori, rami ya buɗe tsakaninsu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: cikin wanga rami ƙwayoyin cuta ke zama, ruwan ƙurji ya taru, ƙashin da ke riƙe da haƙori ya riƙa cinyewa, a ƙarshe haƙori ya yi girgiɗi ya faɗi. Jama'a su lura, dasashi mai lafiya ba ya jini. Duk wanda ke tofar da jini in yana goge baki, ciwo gare shi, ko da bai jin zafi. A rahoton da Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta fitar a shekarar 2022, ta ce mutum kusan miliyar 3 da rabi ke fama da cututtukan baki a duniya, kuma kimanin miliyar 1 ciwon dasashinsu ya yi tsanani.

Ta uku ita ce haƙori mai rami, da guntun haƙorin da ya karye ya bar saiwa. Abinci yana shiga ciki ya kwana ya wuni. Haka nan haƙoran roba in ba a cire su da dare a wanke.

Ta huɗu ita ce bushewar baki. Miyau shi ne ruwan wankin da Allah ya tanadar wa baki. Jikin babban mutum yana yin rabin lita zuwa lita 1 da rabi kowace rana, yana wanke sauran abinci, yana rage ƙarfin ƙwayoyin cuta. Lokacin barci miyau yana raguwa ƙwarai, shi ya sa kowa ke tashi da ɗan warin baki da safe, sarki da talaka. Wannan ba cuta ba ce, da an wanke baki an karya kumallo ya wuce. Wanda ake magana shi ne wanda ke wuni tare da mutum.

Abin da ya shafe mu nan Adar

Ƙasarmu busassa ce. Da hunturu iska tana tsotse laimar leɓe da ta baki, ƙura ta kawo mura, hanci ya toshe, mutum ya kwana yana numfashi ta baki. Da bazara kuma zafi yakan wuce awo 40, zufa ta kwashe ruwan jiki. A garuruwan arewacin Adar, kamar wajen Barmu da Afala da Takanamat, inda rijiyoyi ke da zurfi, ruwa yake da wuya, makiyayi ko matafiyi yakan wuni da ƙishirwa. Duk waɗannan suna rage miyau. Akwai kuma magunguna masu busar da baki, kamar wasu na hawan jini da na mura da na kwantar da hankali, har da ƙwayar taramol wadda wasu samari sunka mayar abin sha.

Sai shayi. Babu mai raba mu da shi, a bakin buro, a tasha, ko a majalisar dare. Amma a tuna kofi na ɗaya da na biyu da na uku duk da sukari ake haɗa su, kuma wani yakan zauna zaman shayi sau uku a rana. Sukari shi ne abincin ƙwayoyin da ke huda haƙori. A shekarar 2015 OMS ta ba da shawara kada sukarin da babban mutum ke sha a rana ya wuce kimanin giram 50, wato ƙaramin cokali 12, in ya tsaya a rabin haka ma ya fi. Ƙaramin kofin shayi kuma ba ya maye gurbin moɗar ruwa.

Goro yana da daraja wajen suna da aure da gaisuwar manya. Sai dai masu cinshi da nufin ɓoye wari su sani tukarshi tana maƙalewa tsakanin haƙora, ta rina su, ta ƙara dauɗa bisa dauɗa. Taba kuwa ta fi kowa ɓarna, ko ta hayaƙi ce, ko ta gari wadda ake haɗawa da kanwa ko toka a cusa cikin leɓe. Tana da nata wari, tana busar da baki, tana cin dasashi. Abin mamaki, dasashin mashayin sigari ba ya yawan jini, don taba tana matse ƙananan hanyoyin jini, sai ciwo ya yi nisa mai shi bai farga ba. Kuma tana cikin manyan abubuwan da ke kawo ciwon daji na baki.

Albasa da tafarnuwa hukuncinsu daban ne. Jahar Tawa ita ce gidan albasa, sunan Galmi ya kai ƙasashen gaɓar teku saboda ita. In mutum ya ci ɗanya, sinadarinta yana shiga jini, ya bi ta huhu, ya fito tare da numfashi. Shi ya sa goge baki ba ya kawar da shi gaba ɗaya, sai ya ƙare don kanshi, na tafarnuwa ma yakan kwana. Wannan ba ciwo ba ne, kada kowa ya bar cin albasa saboda shi. Haka kilishi da cuku da nono da kifin Tabalak, abinci ne masu gina jiki. Laifin yana ga barin saurarsu cikin baki.

Mai azumi da mai jin yunwa su ma bakinsu yana canzawa, domin ba a tauna komi ba, miyau ya ragu, jiki kuma ya koma ƙona kitsenshi. Wannan yana wucewa bayan buɗa baki. Abin yi shi ne a sha ruwa sosai da dare, a wanke baki da halshe bayan sahur. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun halatta wa mai azumi yin amfani da busasshen asuwaki da rana.

In ba daga baki ba ne fa?

Ragowar kashi 10 zuwa 20 suna fitowa daga wasu wurare. Mura da ta daɗe har majina ta yi kauri ta zama kore tana kawo wari. Ɗiyan wuya, wato tsokoki biyu da ke gefen maƙogwaro, sukan tara wasu ƴan farare masu kama da tsakin gero, masu ɗoyi ƙwarai. Yaro ƙarami kuma yakan cusa wake ko gyaɗa ko dutsen ado cikin hanci ba a sani ba. In uwa ta ga majina mai wari tana fita ta ƙofar hanci guda kaɗai, ta kai shi gidan likita, kada ta sa tsinke.

Akwai kuma warin da ke nuna babbar cuta. Mai ciwon sukari in abin ya hau ƙwarai, numfashinshi yakan yi ƙamshin ɗan itacen da ya nuna ya wuce, ga ƙishirwa da yawan fitsari da kasala. Wannan a gaggauta kai shi asibiti. Mai ciwon ƙoda bakinshi yakan yi zarnin fitsari. Ciwon hanta da ya yi nisa, da ƙurji cikin huhu, su ma suna da nasu wari. Wanda ya yi fiye da mako 2 yana tari, ya je a auna kakinshi. Tumbi ma yana da ɗan rabonshi ga masu yawan ƙwarnafi da gyatsa mai tsami, amma su kaɗan ne. A duk waɗannan, yanke beli wurin wanzami ba ya maganin komi, sai dai ya jawo zubar jini da shigar wata cuta.

Warin bakin yaro: a yi hattara da zaizayar baki

Iyaye mata da kakanni, ga inda maganar ta fi nauyi. Akwai cutar da likitoci ke kira noma, mu kuma muke ce mata zaizayar baki. Sunan ba shi da dangantaka da noman gona, daga halshen Girka ya fito, ma'anarshi cinyewa. Ta fi kama yara ƴan shekara 2 zuwa 6, musamman waɗanda tamowa ta raunana, ko waɗanda sunka tashi daga ƙyanda ko masassarar cizon sauro, ko anka yaye su farat ɗaya ba tare da abinci mai gina jiki ba.

Ga yadda take tafiya. Da farko dasashin yaro ya yi ja, ya riƙa jini, bakinshi ya yi wari mai tsanani irin wanda ba a saba ji ga yaro ba, miyau yana dalala, ya ƙi abinci don zafi. Bayan ƴan kwanaki kunci ko leɓe ya kumbura, jiki ya yi zafi. Sai wani tabo baƙi ya bayyana bisa fata, naman wurin ya mutu ya zube, rami ya buɗe, har ƙashi ya fito fili. Duk wannan yana iya faruwa cikin mako 1 ko 2. A ƙiyasin da OMS ta yi a shekarar 1998, yara 140.000 ke kamuwa da ita kowace shekara, kuma cikin 10 da ba su samu magani ba, kusan 9 suna mutuwa. Waɗanda sunka rayu kuwa sukan tashi da fuska a lalace, wani haƙoranshi su ɗafe ya kasa buɗa baki, a ɓoye shi cikin ɗaki, a hana shi makaranta.

Mutane sukan ce iska ce, ko maita, ko baki. Ko ɗaya. Cuta ce ta yunwa da rashin tsabtar baki, kuma ba a ɗaukar ta daga wani zuwa wani. A da akwai ta a ƙasashen Turai, ta ɓace da abinci da tsabta sunka wadata, sa'an nan ta sake ɓullowa a sansanonin da anka tsare mutane cikin yunwa lokacin yaƙin duniya na biyu. Wannan kaɗai ya isa shaida.

An daɗe ana yaƙi da ita a ƙasar Hausa. Ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwis ta fara karɓar irin waɗannan yara a Damagaram tun shekarar 1992. Ƙungiyar Hilfsaktion Noma, wadda anka kafa a Jamus a 1994, ta buɗe gidan kula da su nan Tawa. A Sakkwato an buɗe asibiti musamman dominsu a 1999. A watan Disamba na 2023 kuma, bisa buƙatar da Najeriya ta gabatar da sunan ƙasashe 32, OMS ta sa noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da anka yi sakaci da su.

Amma aikin gyaran fuska yana da tsada da wahala, kuma ba ya mayar da yaro yadda Allah ya halicce shi. Alhali a matakin farko, lokacin da abin bai wuce wari da jinin dasashi ba, maganin kashe ƙwayoyin cuta da likita zai rubuta, da wanke baki, da abinci mai kyau, sun isa su tsayar da ita cikin ƴan kwanaki. Don haka duk uwa ta riƙa buɗa bakin ɗanta tana dubawa, musamman bayan rashin lafiya da lokacin da rumbu ya yi ƙasa. In ta ji wari ta ga jini, ta kai shi gidan likita mafi kusa a ranar, kada ta jira ranar kasuwa, kada ta tsaya turare da shafe-shafe. A shekarar 2006 gwamnati ta kafa dokar duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a gidajen likita na hukuma. Riga-kafinta kuwa sananne ne: nonon uwa zalla har wata 6, ci gaba da shayarwa har shekara 2, yaye sannu a hankali, kunu mai gyaɗa ko wake ko nono, allurar ƙyanda a wata 9 da wadda ke biye da ita, da kwana cikin gidan sauro.

Magani

Ga babba mai warin baki na yau da kullum, ga abin da ya kamata:

1. A goge haƙora sau 2 a rana, da safe da kuma kafin barci, kamar minti 2 kowane karo. Na dare ya fi muhimmanci. A bi gindin haƙora inda sunka haɗu da dasashi, ciki da waje, har turamen baya. Mai buroshi ya zaɓi mai taushi, da man goge baki mai sinadarin fulor wanda ke ƙarfafa haƙori, ya sake buroshi bayan wata 3.

2. Wanda ba shi da buroshi bai rasa komi ba in ya iya asuwaki. Sunna ce, kuma likitoci sun yarda da amfaninshi. Akwai icen da Larabawa ke kira arak, wanda alhazai ke kawowa tsaraba, kuma yana fitowa a ƙasarmu. Akwai aduwa. Akwai dogon yaro ko'ina, daga titunan Tawa har kwarin Majiya inda anka dasa shi layi-layi don tare iska tun 1975. A tauna bakin icen ya yi laushi, a bi haƙora ɗaya bayan ɗaya, a yanke tsohon bakin a kai a kai. Rataya asuwaki a gefen baki ana yawo da shi ba goge baki ba ne. Kuma ba a aron asuwaki ko buroshi, ko tsakanin miji da mata.

3. A kankare halshe sau 1 a rana, daga can baya zuwa gaba, a hankali, da buroshi ko gefen ƙaramin cokali mai tsabta. Kada a danna har ya yi jini.

4. A cire abin da ya maƙale tsakanin haƙora da zare mai tsabta ko tsinken sakace mai laushi. Ban da allura, ban da ƙaya, ban da reza.

5. A kurkure baki bayan kowane abinci da bayan shayi. In dasashi yana ciwo, a sa rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin kofin ruwan da anka tafasa ya huce, a kurkure a zubar.

6. A sha ruwa a kai a kai, a karya kumallo, a rage sukari, a bar taba.

7. Yaro kuma, tun haƙorin farko ya fito wajen wata 6, uwa ta riƙa share mashi baki da tsumma mai tsabta, har ya kai ga riƙe asuwaki. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wanda ya bi waɗannan mako 2 ko 3 warin bai tafi ba, ko haƙorinshi yana da rami, ko yana girgiɗi, to ya biɗi likitan haƙori a babban asibitin jaha. Shi ke da kayan ɓamɓare dauɗar da ta daskare, da cike rami, da cire haƙorin da ya mutu. In ya ga baki lafiya lau, shi zai tura mutum wurin likitan hanci da maƙogwaro ko awon jini.

Abubuwan da za a guje wa

Gawayi da toka da rairayi suna sa haƙori haske na ɗan lokaci, amma suna kankare rufinshi, wanda in ya tafi ba ya dawowa. Aza ƙwayar asfirin bisa haƙori mai ciwo yana ƙona dasashi. Sayen kafso wurin masu tallar magani a kasuwa, a sha 2 a bar saura, yana koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Kanumfari da na'ana'a da alewa mai yaji suna rufe wari na ɗan lokaci kaɗai, kamar fesa turare bisa rigar da ba a wanke ba. Alewar ma sukari ce. Ruwan kurkure baki na farmasi mai suna kuloreksidin yana aiki, amma in an wuce mako 2 ana amfani da shi yakan rina haƙora, don haka sai da shawarar likita.

A kuma yi hattara da masu cin kasuwa da tsoron mutane. A shekarun 1920 masu sayar da ruwan Listerine a Amurka sun cika jaridu da tallar ƴan matan da sunka rasa miji saboda warin baki, sunka tara dukiya mai yawa. Har yau likitoci suna ganin mutanen da bakinsu lafiya lau, amma sun tabbata a ransu yana wari, suna rufe baki da hannu, suna gudun taro. Mai shakka ya kankaro bayan halshenshi da cokali, ya bari ya ɗan bushe, ya sansana. Abin da ya fi wannan kuwa shi ne ya tambayi wanda ya amince da shi.

Wa zai faɗa?

A nan ne gizo ke saƙa. Maganin yana da sauƙi, faɗin ne ke da wuya. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Miji ya gaya wa matarshi, mata ta gaya wa mijinta, aboki ya ja abokinshi gefe, cikin sirri da taushin murya, yadda shi ma zai so a yi mashi. Taubashi da ke da izinin faɗin abin da wani ba ya iya faɗi, ya yi amfani da wannan izini a keɓe, ba tsakiyar majalisa ba. Wanda anka gaya wa kuma ya yi godiya, domin masoyinshi ne kaɗai zai ɗauki wannan nauyi.

Muna kira ga ma'aikatan lafiya, duk yaron da anka kawo awo ko allura ko karɓar abincin tamowa, a buɗa bakinshi a duba. Minti guda ya isa. Malaman makaranta su sa duba baki cikin duban tsabtar safe, tare da farce da tufafi. Sarakuna da masu gari da limamai su tsawata bisa ɓoye yaron da fuskarshi ta kumbura. Ku kuma da kunka yi yaƙi da jahilci kunka ci nasara, wannan shafi amana ce a hannunku: ku karanta shi ga waɗanda ba su iya ba, a dandali, a bakin rijiya, a gidan suna, musamman ga mata masu goyo.

Lafiya uwar jiki, kuma ƙofarta baki ne. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya raya mana zuri'a. Amin.